Gajiyar Da Ba Ta Shiga Rapor Ba

Zuwa ga Mai girma Babban Darakta
na ƙungiyar agajin da nake yi wa aiki,
Babban Ofis, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyali da dukan ma'aikatan babban ofis. Sunana Isuhu, ni ne tafintan ofishinku na Diffa, shekara shida ke nan. Iyayena 'yan kasuwar Damagaram ne, amma a nan aka yanke mini cibiya. A shagon mahaifina na koyi Barbarci, a lekol, wato makarantar boko, na koyi Faransanci, kuma da harsunan nan nake ci da iyalina. Ban rubuta sunan ƙungiyar ba domin ba tozarta ta na zo yi ba, ku kun san da ku nake. Na rubuta da Hausa kuma, na san kuna ji, don mutumin da zan yi magana a kansa ya ji kowace kalma da kunnensa kafin ta fita.

Ranku ya daɗe, ba da son raina na fito da maganar cikin gida bainar jama'a ba. Sau biyu na rubuta ta hanyar da aka tsara, na miƙa wa shef, wato shugaban ofishinmu. Ta farko aka ce an tura Yamai, shiru kake ji. Ta biyu aka dawo mini da ita da layi guda a ƙasa, wai binciken da aka yi ya nuna babu matsala irin wannan a ofishin Diffa. To, binciken nan da bakina aka yi shi, na kuma san inda ya karkace. Ga shi lokaci ya ƙure mini. Ranar Alhamis mai zuwa akwai misiyon, wato tafiyar aiki, zuwa garin Geskeru, an riga an manna takardar tafiya a allo, kuma mutumin da aka rubuta zai tuƙa mu bai kamata ya riƙe sitiyari a makon nan ba. Zan kira shi Ba Modu. Ba sunansa ke nan ba, ko da yake a ofishin da direba ɗaya ya rage, ɓoye suna wahalar banza ce.

Na farko, yadda aka yi binciken.

Kafin azumin da ya wuce kuka aiko mana wata Madam, mace mai kirki da fara'a, da takardar tambayoyi a kan abin da ake kira "sitres" da Faransanci, wato nauyin da aiki ke ɗora wa zuciya har ya fara cin mutum ta ciki. Mu da muke karatu aka ba mu namu muka cike, shef yana tsaye yana jira ya karɓa da hannunsa. Kun san abin da ma'aikaci ke rubutawa in mai gidansa ne zai karɓi takardar. Sauran kuwa, direbobi da masu gadi da mai shara da matan da ke auna yara, sai aka ce in zauna in fassara musu baki da baki. Da hantsi aka ba ni takardar, jirgin Madam kuma da la'asar zai tashi.

Na tsaya a kan kalmar nan ina juya ta. In na ce "damuwa", mutum zai ɗauka asirin gidansa ake tonawa, ko an ji ya yi faɗa da matarsa. In na ce "tsoro", na zagi dattijo a gaban baƙuwar mace. In na taɓo wani abu da ya shafi hankali ko ƙwaƙwalwa, to na kira shi mahaukaci ke nan, sai an tara mutane an shiga tsakaninmu. Sai na ɗauki wadda ba ta da ƙaya, na ce "gajiya".

Ranku ya daɗe, kun san abin da ake amsawa in an tambayi mutum gajiya a ƙasar nan. Ko daga rijiya aka zaro shi yanzu, yana haki, "ba gajiya" zai ce. Haka kuwa aka yi. Kowa ya shigo ya zauna, in ce masa yaya gajiyar aiki, ya ce, "Ba gajiya." In zo kan tambayar barci in ce yaya kake kwana, ya ce, "Lafiya lau." In zo kan yawan aiki, ya ce, "Aiki da godiya." Tambaya goma kuka rubuta, ni kuma na mayar da su gaisuwa goma. Tsohon mai gadinmu ma, don ladabi, sai da ya mayar mini da tawa, ya tambaye ni iyali da 'yan Damagaram. Ni ina juya wa Madam amsoshin da Faransanci ba ragi ba ƙari, ita tana ja musu layi tana murmushi, tana cewa mutanen Diffa sun ba ta mamaki.

Tun a mutum na uku na gane ɓarnar da nake yi. Na dubi agogo, na dubi shef a bakin ƙofa, na ci gaba. Wannan laifina ne, ba na Madam ba, kuma ba zan rataya wa kowa shi ba. Da Ba Modu ya shigo, da Barbarci ya amsa mini duka, "kalewa" yake ta cewa, wato lafiya. Amma tun da ya zauna har ya tashi, a kan tafin hannuwansa biyu ya zauna, ya danne su da cinyoyinsa don kada a ga suna rawa. Na gani sarai. Ban faɗa wa Madam ba, na ce wa raina abin da ya fito daga baki kawai aka ɗauke ni in fassara.

Na biyu, abin da rapor ɗin, wato rahoton binciken, ya jawo mana.

Bayan salla aka karanta mana sakamako a taron safiyar Litinin. An yaba mana ƙwarai. An ce ofishin Diffa ya fi kowane ofishi juriya, a yi koyi da mu. Har tafi aka yi, ni ma na tafa, Allah ya yafe mini. Tukuicin juriyar kuwa shi ne wata babbar takarda mai hoton teku da aka manna kusa da inda muke alwala, tana koya mana a ja numfashi sau huɗu a sake, sai kuma kwalin 'yan ƙwallayen roba da aka ce mu riƙa matsawa in rai ya ɓaci. Ƙwallayen dai sun yi amfani, matan ofis sun kai wa 'ya'yansu.

Da a nan aka tsaya, da na yi dariya na manta. Amma a wata mai biyowa aka ɗauke direbanmu na biyu aka kai shi wani ofis da rapor ya ce su ne a cikin matsi, ba a kuma turo mana wani ba. Aka soke hutun yini guda da ake ba direba duk ranar da ya dawo daga ƙauyukan bakin kogi, tun da ga shi a rubuce ba ya gajiya. Tun daga lokacin Ba Modu ke fita sau huɗu a mako, ranar da bai fita ba kuma yana gareji ko yana jigilar baƙi daga filin jirgi. Sau ɗaya ya nemi konje, wato hutun aiki, na mako guda, aka ce ya bari sai an samu mai riƙe motar. Har yau ba a samu ba.

Na uku, mene ne tuƙi a hanyar nan.

Ina roƙonku ku bar ni in kwatanta, don wanda ya san tuƙin kwalta kawai zai ɗauka direba zama yake yi. Da an sauka daga babbar hanya an shiga ta ƙasa, Ba Modu ba ya kallon gaba kamar sauran direbobi, ƙasa yake karantawa. Dole tayarsa ta bi sawun motar da ta riga mu wucewa, ba ta kaucewa ko da taki ɗaya, saboda nakiyar da kowa ya san ana binnewa a hanyoyin nan. In ya ga inda ƙasa ta yi sabon launi, sai ya tantance cikin ƙiftawar ido: akuya ce ta tona, manomi ne ya ja tiyon ban ruwa, ko kuwa wani abu ne daban. Duk rabin awa rediyon mota na kiransa ya faɗi inda muke. A kowane shingen sojoji shi ke sauka ya yi bayani. Kuma duk abin da ake ciki, sai ya dawo da mu gari kafin lokacin rufe hanya, ko da ma'aikatan lafiyarmu ba su gama da layin mata ba, sai ya tsaya yana kallon rana yana kallon agogo, ba shi da ikon ce musu su tashi. Mu in mun shiga mota mukan yi gyangyaɗi. Shekara tara yana wannan, bai taɓa ko kwarzane fentin motarku ba.

Yanzu kuma Komadugu, wato kogin nan namu, ta kawo ruwa, ta cika har ta shiga gonakin tattasai. Akwai wani wuri kafin a isa Geskeru inda hanyar ta koma kan tudun ƙasar da manoma suka tara don tare ambaliya. Faɗinsa na mota ɗaya ne, hannun dama kogi, hannun hagu gonakin da ruwa ya shanye.

Na huɗu, abin da na gani da idona.

Abin ya faro da ƙananan abubuwa waɗanda in ka faɗa za a ce ka cika sa ido. Mutumin da ke ja mana sallar azahar a ofis shekara da shekaru ya fara rikicewa a raka'a, har ya ce a sa wani. Ran nan ya wuce ƙofar ofis da mu sai da na taɓa shi, ya ce tunani ne. Ya taka birki da ƙarfi saboda baƙar leda, har Madam Hadiza, babbar ma'aikaciyar lafiyarmu, ta bugi kujera da goshi. Mai barkwanci ne a da, ba ya barin ni da tsokanar cewa Bahaushe ko ya kwana a Borno ba zai iya faɗin sunan kifi daidai ba. Yanzu sai mu je mu dawo bai ce uffan ba.

Mako uku da suka wuce, ranar Talata, muna dawowa wajen ƙarfe biyu na rana, muka hau tudun nan. Ina gaba kusa da shi kamar kullum, ma'aikatan lafiya biyu suna baya suna cike takardunsu. Sai na ji ƙarar injin ta canza, mota tana ƙara gudu a inda ya saba rarrafawa. Na juya na dube shi. Idonsa a buɗe yake tar, hannunsa biyu a kan sitiyari, amma wallahi ba ya cikin motar. Na kira sunansa bai ji ba. Hanyar ta ɗan lanƙwasa dama, mu kuwa muna tafiya miƙe, sai ruwa kawai nake gani ta gilashin gaba. Na kai hannu na fizgo sitiyarin, tayar hagu ta zubar da gefen tudun, na ji ƙasa tana faɗawa cikin kogi. A nan ya dawo, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya daidaita motar. Na baya suka ɗago kai suka ce rami ne? Na ce rami ne. Daga nan har Diffa bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Madam Hadiza, in kina karanta wannan, yau kika fara ji, ki yafe mini. Na ɓoye miki ne don na san a ranar za ki kai maganar gaba, na kuma san hanyar da ta fi sauƙi ga ofis ita ce a rubuta masa takardar sallama.

Na biyar, abin da ya hana ni sakat.

Kwana biyu bayan haka matarsa, Ya Falmata, ta same ni a shagon yayana a kasuwa. Ba ta taɓa zuwa wurina ba. Ta daɗe tana tayin sabulun da ba saya za ta yi ba, sannan ta ce mini maigidan ya daina cin abinci sai shayi. Ta ce a tsakar gidansa ma kansa a sunkuye yake tafiya, yana bin sawun da ya taka da safe. Ta ce jikarsu ta tona rami tana wasan girki, ya fito ya gani, ya daka mata tsawar da unguwa duka ta ji, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Daga sansanin 'yan gudun hijira na Gagamari suka dawo cikin gari, bayan sun baro ƙauyensu na bakin kogi da abin da ke jikinsu, kuma gidaje uku na 'yan uwa ne ke rataye a wuyan aikin nan nasa. Abin da ta ce mini na ƙarshe shi ne, "Malam Isuhu, ka taimake shi, amma kar ka sa a kore shi."

Tun ranar nake tsakanin abu biyu. In na yi shiru, wata rana hannuna ba zai kai ga sitiyarin da wuri ba. In na yi magana, ina iya zama sanadin raba dattijo da abincinsa, a kuma riƙa nuna shi a gari ana cewa ga direban da ya taɓu. Ba taɓuwa ya yi ba, ranku ya daɗe. An ɗora masa kayan mutum biyu ne, an cire masa ranar saukewa, bisa shaidar da ni na karkatar. Tsoro nake ji, ina kuma jin haushi, kuma mafi yawan haushin na kaina ne.

Kada kuma a ɗauka shi kaɗai ne. Ni da nake rubutun nan, aikina shi ne in saurari abin da ya faru da mutanen da suka gudo, in maimaita shi da bakina ina cewa "ni", kamar ni aka yi wa. In na koma gida 'yata ta ruga ta rungume ni, sai in ji hayaniyarta ta yi mini yawa. A takardar da na cike da hannuna, na rubuta cewa komai lafiya.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, da girman Allah.

A cire sunan Ba Modu daga tafiyar Alhamis. In babu direba, a ɗage misiyon ɗin ko a yi hayar mota da direbanta na rana ɗaya, an sha yin haka in manyan baƙi sun zo.

A ba shi konjensa cikakke, a rubuta a takarda mai sa hannunku cewa aikinsa na jiran sa. In ba a rubuta ba, ba zai huta ba, zai kwana ne yana jiran a ce an ɗauki wani. A kuma haɗa shi da likita a asirce, ba a ofis ba inda kowa zai ga shigarsa.

A dawo mana da direba na biyu da hutun yini guda bayan hanyar kogi.

A janye rapor ɗin nan, a sake binciken. Amma kada a sake shi da ni a tsakiya da shef a bakin ƙofa. A turo wanda zai kwana biyu tare da mu, ya sha shayi da masu gadi, ya bar gaisuwa ta ƙare tukuna, don a nan sai an gama gaisuwa an yi shiru kaɗan ake fara magana. Ya tambayi mutum abin da ake iya ƙirgawa: sau nawa ya farka, yaushe rabonsa da cin tuwo ya ƙoshi, yaushe rabonsa da dariya da 'ya'yansa. In ana son wanda za a hukunta a kan rapor na farko, ga ni.

Ranku ya daɗe, jiya bayan la'asar na je gidan Ba Modu na karanta masa takardar nan daga farko har inda na tsaya, don na yi alkawari in ya ce kada ta fita, ba za ta fita ba. Ya saurara kansa a ƙasa. Na yi zaton zai yi fushi, ko ya ce ƙarya nake yi masa. Da na kai wurin tudun nan, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce ba sau ɗaya ba ne, na uku ke nan, sauran biyun shi kaɗai ne a motar. Ya ce in aika. Ya kuma ce in ba a cire sunansa daga takardar tafiya ba, zai tuƙa, domin bai taɓa ƙin aiki ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ya rako ni har ƙofar gida, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Malam Isuhu, ran Alhamis kar ka zamna gaba. Yaranka ƙanana ne."

Gaba zan zauna, don in na koma baya babu mai kai hannu ga sitiyarin. Mu huɗu ne a takardar tafiyar, motar kuma ƙarfe bakwai na safe take fita. Daga yau zuwa yammacin Laraba, layi ɗaya daga hannunku ya isa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba ku ikon sauke nauyin mutanen da ke ƙarƙashinku, ya tsare ku da jin labarin da ba a so ta waya. Ya tsare Ba Modu da mu da muke shiga motarsa, ya kai mu ya dawo da mu ga iyalanmu.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Isuhu, tafinta,
Diffa.